Likita ta tambayi kwanakin cikina, na ba ta nisan garinmu

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, yanzu kuma ina ɗauke da cikin fari. A asibitin da nake zuwa awo an kawo wata likita 'yar bautar ƙasa daga Kudu, ba ta jin Hausa in ban da sannu da ina kwana. Ranar nan malamar da take yi mata tafinta ta fita, sai ta dube ni ta ce, "How far along are you?" Ni kuwa da na ji "far", sai na ce mata garinmu ba nisa, a babur ma muka zo. Malamar ta dawo ta tarar da zancen, ta yi ta dariya. Da aka sake tambayata sai na ce, "I am having five months pregnancy." A katina an rubuta LMP 10/6, EDD 17/3, EGA 20+3, G1P0, ban gane ko ɗaya ba. Da na ba maigida labari sai ya ce ina amfanin bokon da na yi. Uwar mijina kuma ta ce cikin wata huɗu ne, kuma rashin kunya ne mai cikin fari ta zauna tana lissafin watanni. Yanzu nauyin komawa nake ji, ga shi kwana uku kenan kaina yana ciwo ban faɗa wa kowa ba. Don Allah ki koya mini yadda ake wannan magana da Turanci.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki shi zan fara ɗauka. Ciwon kai na kwana uku ga mai cikin da ya kai mako 20 ba abin zama a ɗaki ba ne ana jiran Turanci ya zauna a baki. Sau da yawa gajiya ce, ko rana, ko ƙarancin shan ruwa. Amma yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, yana kuma iya zama hawan jinin masu ciki, wanda daga mako na 20 ne yake fara nuna kansa, kuma shi ne idan aka bar shi yake kai mace ga jijjiga. Auna jini ba ya cin minti biyar. In ya kai 140 a kan 90, ma'aikatan sun san abin yi. Ki shirya gobe da safe ki tafi, kada ki jira ranar awo. Idan kuwa kina gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko kina jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, to tafiyar ta yau ce. Abin da za ki ce shi ne, "I have had a headache for three days." In jimlar ta gudu daga kanki a bakin ƙofa, ki faɗa da Hausa, ki dafa kai, ki ɗaga yatsu uku. Babu likitar da za ta kasa ganewa.

To, mu dawo kan tambayar da ta ba ki kunya. Amsar da kika bayar ba ta wawanci ba ce. Duk Turancin da aka koya miki a aji, "far" nisa ne, kuma a ƙasar nan "how far" har gaisuwa ce ta samari. Littattafan da aka shirya ku da su don jarrabawar WAEC da NECO sun cika da wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta da muhawara a kan likita da manomi, amma ban da zancen ɗakin awo. Ita dai wannan tambaya, ma'anarta ciki ya kai ina. Takan zo da kama daban-daban: "How far gone are you?" wadda za ki fi ji a bakin 'yan Najeriya da mutanen Ingila, ko "How many weeks are you?", ko "How many months?" Amsarsu ɗaya ce. Akwai kuma 'yar'uwarsu da ake yawan rikita su da ita, "When are you due?" Wannan ba kwanakin cikin take nema ba, ranar da ake sa ran haihuwa take nema. Malamar da ta yi dariya kuwa ba ta kyauta ba, ita da aikinta ne ta tsaya tsakaninku. Amma ba za ki bar awo saboda dariyar mutum ɗaya ba.

Amsar da za ki riƙe ita ce, "I am 20 weeks pregnant." Ki lura da ginin. Mu da Hausa muna cewa ina da ciki, kamar yadda muke cewa ina da akuya ko ina da kuɗi, shi ya sa bakin Bahaushe yake karkata ga "have". Bature bai ɗauki ciki a matsayin abin da ake mallaka ba, yanayi ne da mace take ciki, don haka "am" yake amfani da shi, irin na "I am tired" da "I am hungry". Kalmar "pregnant" siffa ce, ita ke bin "am" ko "is". "Pregnancy" kuwa suna ne, wurinsa daban: "This is my first pregnancy." Jerin kuma ba ya canzawa, adadi, sai makonni, sai siffar. Ba a cewa "pregnant 20 weeks", ba a kuma cusa "of" a tsakani. In kina son gajartawa, "I am 20 weeks" ya wadatar a ɗakin likita, tun da an san zancen da ake yi. "I am having" da kika fara da shi yana da wurinsa, amma da jariri yake tafiya: "I am having a baby in March", wato a watan Maris zan haihu.

Harafin "s" na jam'i shi ma yana da ɗan wayo. Za ki ce "20 weeks pregnant" da shi, amma idan adadin ya zama siffar wani abu sai ya faɗi: "a 20-week scan", "a two-month-old baby". Wannan na masu jarrabawa ne, likita ba za ta ƙi duba ki a kansa ba. Haka nan "with" ake sawa idan za a faɗi abin da ke cikin: "She is pregnant with twins", "I am pregnant with my first child." Za ki ji 'yan ƙasarmu suna cewa "pregnant for" wane, da "she has taken in" ga wadda ta samu ciki, da "she has put to bed" ga wadda ta sauka. Turancin gida ne, likitarki ta taso da shi, za ta gane shi sarai, kuma ni ban ga abin raini a cikinsa ba. Sai dai idan rubutu za ki yi, ko magana da wanda ba ɗan ƙasa ba, "she is pregnant" da "she has given birth" su ne ba sa kuskure.

Yanzu batun wata huɗu ko biyar, wanda ya haɗa ki da Inna. Babu wadda ta yi ƙarya a cikinku, wurin fara ƙirga ne ya bambanta, kamar manoma biyu a gona ɗaya, wannan yana lissafi daga ranar shuka, wancan daga ranar da gero ya tsiro. Asibiti suna farawa ne daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Wannan ita ce LMP, kuma a katinki 10 ga Yuni ce. A wannan ranar babu cikin ma tukuna, sai bayan kamar mako biyu yake shiga, amma ita ce ranar da mace za ta iya tunawa, shi ya sa aka kafa lissafi a kanta. Iyayenmu kuwa daga ɓatan wata suke farawa, wato wajen mako huɗu bayan nan. Inna ta fara nata a farkon Yuli, don haka a ƙarshen Oktoba ta ga wata huɗu. Ke kuma kin raba 20 gida huɗu-huɗu kin samu biyar. Nan ma akwai ɗan zamewa, domin wata ba mako huɗu cif ba ne, mako huɗu ne da kwana biyu ko uku. Daga 10 ga Yuni zuwa ƙarshen Oktoba wata huɗu ne da mako uku. Kina cikin wata na biyar, ba ki cika biyar ba. Turanci ya raba waɗannan biyun kamar yadda Hausa ta raba: "I am in my fifth month" na nufin ya shiga na biyar, "I am five months pregnant" na nufin biyar sun cika. Mata da yawa, har da masu digiri, suna faɗin na biyu alhali na farko suke nufi.

Wannan ruɗanin ne ya sa likitoci suka bar watanni suka koma makonni. Ciki cikakke mako 40 ne, kwana 280. A kalandar Turawa wata tara ne da kamar mako ɗaya. A lissafin watan Musulunci, da yake kwana 29 ne ko 30, ya kai wata tara da rabi. Wadda ta ci gaba da rabawa da huɗu za ta wayi gari ta ga wata goma, hankalin gida ya tashi a banza, a fara cewa ciki ya wuce lokaci. Mako kuwa kwana bakwai ne a kowace kalanda.

Kuma ba don ƙawa suke son adadin makon ba, kusan duk abin da za a yi miki a kansa yake rataye. Ƙwayoyin Fansidar guda uku da ake ba ki ki haɗiye a gaban malama don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ba a fara su sai ciki ya kai mako 13, daga nan kuma a bar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha. Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2016 ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, kuma da makonni ta jera su: na farko a cikin makonni 12 na farko, sai 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ta kuma ce a yi hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24. In ba a yi miki ba, lokacinki ne yanzu, domin hoton da aka yi da wuri ya fi faɗin gaskiyar kwanakin ciki, na ƙarshe-ƙarshe yakan kauce da mako biyu ko uku. Awon da malama take yi da tef daga mara zuwa saman ciki shi ma da makonni ake gwada shi. A mako na 20 saman mahaifa yana kai wa daidai cibiya, daga wajen mako 24 kuma adadin santimita yakan tafi kusan kafaɗa da kafaɗa da adadin makonni. In kin ba da wata huɗu a wurin da ya kamata a ji mako 20, sai a ga ciki ya fi ƙarfin kwanakinsa a fara zargin tagwaye.

Sauran rubutun katin ba shi da wuya. EGA 20+3 na nufin mako 20 da kwana 3, da baki kuma "20 weeks and three days". Idan na ƙirga daga 10 ga Yuni, ranar da aka rubuta shi 31 ga Oktoba ce. EDD ita ce ranar da ake kintatar haihuwa, kuma kina iya fitar da ita da kanki ba tare da na'ura ba: ki ƙara kwana bakwai a kan ranar LMP, ki koma baya wata uku, ki tsallaka shekara mai zuwa. 10 ga Yuni ta zama 17 ga Yuni, ta koma 17 ga Maris. Dabarar tana ɗauke da sunan wani likitan haihuwa Bajamushe, Franz Naegele, da ya mutu a 1851, kuma har yau da ita ake aiki. G yawan cikin da mace ta taɓa ɗauka ne har da wanda take ɗauke da shi, P kuma haihuwar da ta yi bayan ciki ya kai mako 28, kamar yadda ake lissafi a asibitocin Najeriya. G1P0 ke ce, ciki na farko, haihuwa babu. In kin ji suna kiran ki "primi", mai cikin fari suke nufi, ba zagi ba ne. Za ki kuma ga wasu lambobi masu kama da lissafin firamare: 3/7 kwana uku ne, 2/52 mako biyu, 5/12 wata biyar. Gobe idan kin faɗi ciwon kanki, ki leƙa ki gani, 3/7 za ta rubuta.

Ga maganar ranar haihuwa, ƙananan kalmomi uku ne suke aiki. Wata yana ɗaukar "in", rana tana ɗaukar "on", mako na ciki yana ɗaukar "at". "I am due in March." "I am due on the 17th of March." "I started antenatal at 16 weeks." Idan za ki faɗi inda za ki kai nan gaba, "I will be 24 weeks on the 25th of November." Ki yi hattara da "in" idan adadi ya biyo ta, domin ma'anar takan juya zuwa nan da kaza. "I am due in three weeks" saura mako uku ne ki haihu. Mace mai cikin mako uku da ta faɗi haka za ta sa a fara neman gadon haihuwa. Ita kanta 17 ga Maris ɗin kada ki riƙe ta kamar ranar ɗaurin aure, kaɗan ne ƙwarai suke haihuwa a ranar da aka rubuta musu. Daga mako 37 zuwa 42 duk lokaci ne, wato ke daga 24 ga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. Wanda ya zo kafin 37 shi ne "preterm" ko "premature", mu kuma duk bakwaini muke ce masa ko da a wata na takwas ya zo. Idan ranar ta wuce, "I am one week overdue", kuma wannan jimla ce da ake zuwa a faɗa a asibiti, ba a zauna da ita a gida ba. Kalmar "trimester" da za ki riƙa ji, kashi ɗaya ne cikin uku na ciki: na farko zuwa mako 13, na biyu daga 14 zuwa 27, na uku daga 28. Kina tsakiyar na biyu, "I am in my second trimester."

Inda nake so ki fi ba da ƙarfi shi ne lokutan aikatau, don nan ne nahawu yake taɓa lafiya kai tsaye. Duk abin da kika kawo wa likita, abu biyu take son ji: yaushe ya fara, kuma yana nan ko ya tsaya. Hausa tana yin wannan cikin sauƙi. Mu ce tun jiya nake zubar da jini, an gane yana nan. Mu ce jiya na zubar da jini, an gane ya wuce. Turanci ma ya raba su, amma da wani gini da ba mu da irinsa. Abin da ya fara a baya kuma bai tsaya ba, "have been" ko "have had" yake ɗauka: "I have been bleeding since yesterday", "I have had a fever for two days", "I have been vomiting since Monday." Abin da ya faru ya ƙare, shuɗaɗɗen lokaci ne zalla: "I bled yesterday, but it has stopped", "I had a fever last week." Bahaushe yakan ce "I am bleeding since yesterday", yana bin ginin harshensa. Malamin Turanci zai ja masa jan biro, amma likita za ta fahimta, kuma fahimtar daidai ce. Wanda ke da haɗari shi ne ki ce "I bled" ko "I had a headache" alhali abin yana nan, domin za ta ɗauka ya wuce ta sassauta. In kin rikice, ki ƙara "and it is still there" ko "it has not stopped" a ƙarshe, kin toshe ƙofar kuskure.

"Since" da "for" kuwa, ki auna su da tun da tsawon. Idan abin da zai biyo baya rana ce ko lokacin da abu ya fara, "since": since Friday, since morning, since Sallah. Idan yawan kwanaki ne, "for": for three days, for two weeks. "Since three days" da ake yawan ji haɗa biyun ne. "Ago" kuma da shuɗaɗɗen lokaci take tafiya, "It started three days ago."

Gobe za ta iya tambayar ki, "Have you felt the baby move?" Mai cikin fari takan fara jin motsi wajen mako 18 zuwa 20, wadda ta saba haihuwa takan riga ta. Amsa ita ce "Yes, since last week" ko "Not yet." Idan mako 24 ya cika ba ki ji ba, ki faɗa musu. Can gaba kuma, akwai jimloli huɗu da nake so su zauna a bakinki yadda ko cikin dare aka tashe ki za su fito: "The baby is moving less than before", motsi ya ragu, "I am bleeding", jini na zuba, "My waters have broken", faya ta fashe, wadda mutanen Amurka suke cewa "my water broke", sai "I am in labour", ina naƙuda. Uku na farkon ba sa jiran gari ya waye.

Wani abu kuma, tun da kin yi karatu, na san ba da daɗewa ba matan layinku za su fara jan ki ki yi musu tafinta. Ba wani sabon gini, "I am" ya koma "she is", "I have" ya koma "she has". Amma ki kiyaye kalmar ɓari. Da baki "miscarriage" ake cewa: "She had a miscarriage at three months." A rubutun likitoci kuwa za ki iya ganin "abortion" a katin matar da ɓari ta yi, domin a tsohon yaren aikinsu kalmar ta haɗa cikin da ya zube da kansa da wanda aka zubar. Idan ɗan boko rabi-rabi ya karanta wa miji wannan kati, yana iya kashe aure. In kin gamu da shi, ki tambayi likita a gaban mai katin kafin ki fassara. Wanda aka haifa babu rai bayan ciki ya tsufa kuma "stillbirth" ne. Kuma abin da kika ji a ɗakin likita na wata, ki bar shi a can.

Kada ki manta kina da ikon tsayar da likita. "Please say it again slowly." "Please write it down for me." "I don't understand, please call someone who speaks Hausa." Babu ƙasƙanci a ko ɗaya. Tun 1973 da gwamnatin Janar Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa, manufarsa ita ce a kai matasa inda ba yankinsu ba su san mutanen wurin, saboda haka koyon ba a kanki kaɗai yake ba. Ita ma baƙuwa ce, wataƙila kullum tana kwana da damuwar ko ta fahimci matan da ta duba. In kin samu fuska, ki koya mata laulayi da naƙuda da wata nawa. Za ki ga yadda zaman zai canza.

Maganar Inna kuwa, kada ki ja da ita. Kunyar cikin fari tarbiyya ce da aka yi mata, kuma tana da kyaunta. Babu wanda ya ce ki zauna a tsakar gida kina shelar makonni, ko ki ɗora hoton ciki a WhatsApp. Turawan ma suna da tasu sakayawar, "she is expecting", kamar yadda muke cewa tana da juna biyu. Amma kunyar ta suruka ce da dangin miji da taron biki. Likita ba surukarki ba ce, kuma abin da kika ɓoye mata ba za ta iya maganinsa ba. Ki yi lissafinki a 'yar takarda ki soke cikin katin. Idan Inna ta ce wata huɗu, ki ce haka ne Inna, su ma asibiti kusan hakan suka ce, sai dai su daga wanki na ƙarshe suke farawa. Za ki buƙace ta a watan Maris fiye da yadda za ki buƙaci cin gardama a watan Nuwamba.

Maigida kuma, maganarsa ta yi zafi, amma ni aiki zan ba shi maimakon martani. Bayan sallar isha ki miƙa masa wannan amsa, shi ya zama likita yana tambaya kina amsawa, ku juya. A nan ne zai san ranar 17 ga Maris da kansa, kuma sanin nasa yana da amfani: tanadin kuɗin mota, mai motar da za a kira da dare, wanda zai ba da jini in an nema, da izinin da zai bar wa gida tun yanzu cewa ko ba ya nan, in abu ya taso a kai ki asibiti ba sai an neme shi a waya ba. Ki nemi ya faɗi wannan a gaban Inna.

In al'adar gidanku ce a tafi goyon ciki, ki sanar da asibitinku kafin ki tafi, ki ɗauki katin da takardar hoton ciki da sauran maganin ƙarin jini. Kina isa garin iyayenki ki je asibitin da ya fi kusa ki nuna kanki tun ciki bai tashi ba. In kin tarar da wanda ba ya jin Hausa a can ma, ki miƙa katin ki ce, "I was attending antenatal in another hospital. I am 34 weeks pregnant, and I am due on the 17th of March", ki sa adadin makon da kike ciki a ranar. Don kada lissafin ya kuɓuce miki, ki duba kalanda ki ga ranar mako da 10 ga Yuni ta faɗa. Duk lokacin da wannan rana ta zagayo, ki ƙara ɗaya.